Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen kyamara, sikana da manhajar gyaran hoto ga mai sha'awa

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin mutanen da hoto ya shiga ransu, ba don su ci abinci da shi ba, sai don sha'awa. Wani yana son ya ɗauki 'ya'yansa tun suna rarrafe, wani dawakan Hawan Sallah ne suke jansa, wata kuma tsofaffin hotunan gidansu take son ta ceto kafin gara da danshi su cinye su. Na faro daga tambayoyi masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Ina da waya mai ɗaukar hoto da kyau. Sai na sayi kyamara?

Ba dole ba ne. In hotonka bai wuce na rana tsaka, na 'yan uwa a tsakar gida, ko abin da za ka ɗora a Facebook ba, wayarka ta isa. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto da yawa a ƙiftawar ido, su haɗe su wuri guda, shi ya sa hotonsu yake fita tas ba tare da ka taɓa komai ba.

A wuri uku waya take gazawa. Na farko abin da yake nesa, kamar mahayi a can tsakiyar fili ko tsuntsu a kan reshe. Na biyu abin da yake gudu, kamar yaro yana buga ƙwallo. Na uku wuri mai ƙarancin haske da mutane suke motsi, kamar ɗakin amarya bayan magariba. In ka lura a irin waɗannan wurare kake yawan jin haushin wayarka, to lokacin sayen kyamara ya yi.

Megafiksel nawa ne zai ishe ni?

Ƙasa da yadda masu talla suke nuna maka. Hoton da ya fita sumul a takarda yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci. Ɗan madaidaicin hoton da ake wankewa a sa a albam, mai inci 4 da 6, ɗigo 1200 sau 1800 ke nan, wato megafiksel 2 da ɗan ɗoriya, tunda megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne. Cikakkiyar takardar A4 ba ta kai megafiksel 9 ba. Kyamara mai megafiksel 16, 18 ko 24 ta ba ka abin da kake so har da rarar da za ka yanke gefe.

Kyamarar farko irin ta dijital, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, kashi ɗaya cikin ɗari na megafiksel take ɗauka, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto ɗaya a kan kaset. A wancan zamani ƙarin ɗigo babban ci gaba ne. Yau kam an wuce nan. Wayar da aka rubuta wa megafiksel 108, in ba ka canja saitinta ba, yawanci haɗe ɗigo tara take yi ya zama ɗaya, ta ba ka hoto mai 12. Abin da ya fi cancantar ka duba yana cikin amsa ta gaba.

Mene ne sensa, kuma me ya sa ake ta maganar girmanta?

Sensa ita ce ɗan allon da yake cikin kyamara wanda haske yake faɗawa a kansa, ita ce ta gaji fim. Kamar kwano ne a ruwan sama: mai faɗin baki ya fi tara ruwa. Babbar sensa ta fi tara haske, don haka hotonta na dare ba ya cika yin tsaki-tsaki, kuma ta fi iya fito da mutum ya bar bayansa dishi-dishi.

Mafi girma da ake yawan gani ita ce mai milimita 36 da 24, daidai da faɗin hoto ɗaya na tsohon fim. Sai APS-C, mai kusan 23.5 da 15.6 a kyamarorin Nikon, Sony da Fujifilm, ta Canon kuma ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Sai mai 17.3 da 13 ta kyamarorin Olympus da Panasonic, sai wadda ake kira inci ɗaya, mai 13.2 da 8.8, irin ta Sony RX100. Ta yawancin wayoyi kuwa ba ta fi farcen ƙaramin yatsa ba. Ga mai sha'awa, shawarata APS-C. Kyamarorinta sun fi araha, gilasanta na gaba, wato lens, sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, kuma tazarar da take tsakaninta da waya ta fi tazarar da take tsakaninta da babbar yayarta nesa ba kusa ba.

Mai madubi zan saya ko marar madubi?

DSLR ita ce mai madubi a ciki, wanda yake juyo maka da abin da gilashi yake gani zuwa idonka. Marar madubi kuwa ɗan ƙaramin allo ne a wurin leƙawa, yana nuna maka yadda hoton zai fita tun kafin ka danna. Tun 2018 da Canon ta fito da jerin RF, Nikon ta fito da jerin Z, hankalin kamfanonin ya koma kan marasa madubi, kuma a can sababbin gilasai suke fitowa.

Sai dai wannan ne ya sa masu madubi na hannu suka yi arha, kuma ba abin da ya same su. Canon 600D ta 2011, Nikon D3200 ta 2012, Nikon D3500 ta 2018, duk suna ɗaukar hoton da ba za ka ji kunyarsa ba. Ga mu da wuta ba ta tsayawa akwai wani abu kuma: batirin D3500, bisa awon kamfani, yana ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, na Sony a6000 marar madubi kuwa 360 ne. In bidiyo yana ranka, ko kana son kyamarar da take bin idon mutum da kanta, marar madubi ta fi, amma ka haɗa da batir na biyu tun ranar saye.

Wane gilashi zan fara da shi?

Gilashin gaba, wanda masu hoto suke kira lens, shi ne inda ya kamata kuɗinka ya fi zama. Kyamara takan tsufa a canja ta, gilashi mai kyau kuwa yana bin mutum shekaru. Yawanci kyamara tana zuwa da mai lamba 18-55mm. Kada ka raina shi, da shi za ka gane irin hoton da ka fi so. Amma ka kula da lambar da take bayan harafin f. Ita take nuna faɗin ƙofar da haske yake shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Shi 18-55 in ka janyo shi ƙarshe f/5.6 yake komawa. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan.

Shi ya sa gilashi na biyu da nake ba kowa shawara shi ne 50mm f/1.8 ko 35mm f/1.8. Ba sa janyo nesa kusa, da ƙafarka za ka matsa, amma ranar da ka ɗauki fuskar kakarka a bakin ƙofar ɗakinta da hasken la'asar, za ka ga bambancin da idonka. A kyamarar APS-C, 50mm ya fi dacewa da hoton fuska, 35mm kuma ya fi daɗi a cikin ɗaki inda ba wurin ja da baya. Mai son hawan dawaki ko tsuntsaye sai ya nemi 55-250mm na Canon ko 70-300mm.

Hattara ga masu Nikon jerin D3000 da D5000: waɗannan ba su da injin saita gilashi a jikinsu. Tsohon 50mm f/1.8D zai ɗauru, amma da hannu za ka riƙa murɗa shi. Ka nemi wanda aka rubuta wa AF-S.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba kafin in biya?

Ka je da memorinka, ka je da rana, kuma kada ka yarda a yi maka gaggawa. Da farko ka cire gilashin, ka haska shi da tocilan ta baya kana kallo ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce. Amma in ka ga farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a ciki, funfuna ce, ka ajiye shi. Sannan ka mayar da gilashin, ka sa lambar f a 16 ko 22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton sosai. Baƙaƙen ɗigo ƙura ce a kan sensa, ana iya sharewa. Dogon layi kuwa yana iya zama karce, shi kuma ba ya goguwa.

Ka tambayi adadin hotunan da ta ɗauka. Labulen da yake buɗewa ya rufe a kowane danni yana da iyakar rayuwa, kuma ƙananan DSLR da yawa an auna su ne a kan danni 100,000. Nikon tana rubuta wannan adadi a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da za ka ɗora hoton su karanta maka. Na Canon sau da yawa sai an jona ta da kwamfuta. Bayan nan ka danna kowane maɓalli, ka gwada filasha, ka duba murfin batir da na memori, ka kalli kan kusoshin jikinta. In sun cinye, an taɓa buɗe ta, sai ka tambayi dalili.

Yaya zan kare ta daga ƙurar hunturu da danshin damina?

Ƙurar hunturu ta fi gari laushi, kuma ba ta neman izini. Kada ka canja gilashi a fili lokacin hazo. In ya zama dole, ka kashe kyamarar, ka juya wa iska baya, ka kifa bakinta ƙasa. Ka sayi ɗan famfon roba na hura iska, shi ne farkon abin sharewa. Kada ka hura da baki, kuma kada ka goge gilashi da gefen riga, domin ƙurar tana ɗauke da yashi, goge ta a bushe karce ne. A fara hurawa, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi irin na tabarau.

Da damina kuma abokin gaba funfuna ce, wadda na ambata a amsar da ta gabata. Ka sa kyamara da gilasai a roba mai murfi da yake rufuwa gam, tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kuma kada ka bar ta a mota a kulle da rana a watan Afrilu.

Wane memori zan saya?

Mai girman 32GB ko 64GB daga sanannen kamfani ya isa, kuma biyu matsakaita sun fi babba guda ɗaya. In za ka ɗauki bidiyo mai nauyi ka nemi mai alamar U3 ko V30, wato ba ya gaza rubuta 30MB a daƙiƙa. Tsofaffin kyamarori na kafin 2010 da yawa ba sa karanta abin da ya wuce 32GB.

Babbar masifa ita ce jabu. Ni kaina na ɗanɗana. Na sayi wani da aka rubuta wa 64GB a farashin da ya kamata ya sa ni shakka, na ɗauki sunan ɗan ƙanwata da shi tun daga yankan rago har yamma. A kan kyamara komai yana nan. Da na zo kwafewa, hotunan safe ne kawai suka buɗu, sauran sunayensu ne babu komai a ciki. Har yau in na tuna hoton mahaifiyarmu riƙe da jaririn nan sai raina ya sosu. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika memori da bayanai ta karanto su, ta gaya maka ainihin girmansa. Ka gwada kowane sabon memori da ita kafin ka ba shi amana.

RAW zan riƙa ɗauka ko JPEG?

Waɗannan hanyoyi biyu ne da kyamara take ajiye hoto a fayil. JPEG dafaffen abinci ne, kyamara ta riga ta sa gishirinta. RAW kuwa ɗanyen cefane ne, kai za ka dafa. JPEG yana riƙe matakin haske 256 a kowane launi, RAW yana riƙe 4,096 ko 16,384. Amfanin wannan yana fitowa a hoton da muka fi ɗauka: mutum baƙi sanye da farar shadda a tsakar rana. A JPEG ko dai shaddar ta ƙone ta rasa aikinta, ko fuskar ta yi duhu. A RAW sau da yawa ana iya ceto duka biyun. Kuɗinsa shi ne wuri da lokaci, domin fayil ɗaya na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai 20MB zuwa 30MB, kuma sai an bi ta manhaja kafin a tura wa kowa. In kana farawa, ka saita kyamara ta riƙa ajiye duka biyun.

Muna da tsofaffin hotuna a gida. Sikana zan saya ko in ɗauke su da waya?

In hotunan ba su fi ashirin ko talatin ba, waya ta wadatar. Manhajar PhotoScan ta Google, wadda ta fito a 2016, tana sa ka ɗauki hoton ta kusurwa huɗu, ta haɗe su don ta kawar da ƙyalli. Amma in akwati guda ne, ko kana son kwafin da jikoki za su iya wankewa babba, sikana ta fi. Haskenta daidai yake daga gefe zuwa gefe, hoton ba ya karkacewa, kuma za ka iya jera uku ko huɗu a lokaci guda.

Da za a ce in zaɓa wa mutum tsakanin sabuwar kyamara da sikana, alhali yana da irin wannan akwati, sikana zan ce ya fara saya. Yaron da ba ka ɗauka yau ba za ka ɗauke shi gobe. Hoton kakanka na ranar da ya dawo daga Makka kuwa ƙwaya ɗaya ne a duniya, kuma hotunan kala na shekarun 1970 da 1980 suna nan suna komawa jaja-jaja a cikin albam kowace shekara.

Wace irin sikana ce ta dace?

Iri biyu ne. Akwai siririya mai fasahar CIS, kamar Canon LiDE 300 da 400 ko Epson V39. Ba ta da nauyi, kuma daga kebul ɗin USB take shan wuta, don haka ko an ɗauke wuta laftof ɗinka zai riƙe ta. Rauninta shi ne abin da bai kwanta a kan gilashinta sosai ba yakan fita dishi-dishi. Sai mai kauri ta CCD, kamar Epson V600, wadda take ganin abin da ya ɗan ɗaga, take kuma da fitila a murfinta don fim, amma tana bukatar wutar soket. Ga hotunan takarda zalla, siririyar ta isa.

Ka guji tura tsohon hoto ta bakin nan na injin ofis mai jan takarda da kansa, yana iya karce shi ko ya yaga. In kuma ka samu tsohuwar sikana da sabuwar kwamfuta ta ƙi ganewa, kada ka yar. Manhajar VueScan, ta kuɗi ce, tana tayar da dubban tsofaffin sikanoni.

Ɗigo nawa zan saita?

Lissafin da muka yi a maganar megafiksel shi ne a nan ma. In girman da hoton yake za ka sake wankewa, 300 ya isa. Don ajiya ka sa 600, wanda zai ba ka damar ninka girmansa. Ɗan ƙaramin hoton fasfo ka ba shi 1200, zai wanku a inci 5 da 7. Wuce haka a hoton takarda ɓata wuri ne, ƙwayar takardar kawai za ka ƙara gani. Ko hoton baƙi da fari ne ka ɗauke shi a saitin kala, domin hakan yana sauƙaƙa cire tabo daga baya. Masu muhimmanci ka ajiye su a TIFF, irin fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, mai inci 4 da 6 a ɗigo 600 zai ci kusan 26MB. Kuma in akwai rubutu a bayan hoton, suna ko shekara ko hatimin mai hoto, ka ɗauki bayan shi ma.

Na samu negetif a cikin ambulan. Suna da amfani?

Sosai ma, kada ka zubar. Negetif shi ne asali, kuma sau da yawa ya fi hoton da aka wanke daga gare shi riƙe launi da bayani. Da yake ƙarami ne yana bukatar ɗigo mai yawa: 2400 yana ba da kusan megafiksel 8. Sikana irin V600 za ta yi, wadda aka yi don fim kaɗai kamar Plustek OpticFilm kuma ta fi ta kaifi. Wasu suna da fasahar goge ƙura da hasken infrared, tana aiki a fim mai kala, amma ka kashe ta a fim baƙi da fari na gargajiya, domin azurfar da take jikinsa tana rikita ta. A gefe ake riƙe negetif, ba a sa yatsa a tsakiya.

Hoton ya manne da gilashin firam. In ɓanɓare shi?

A'a. Akwai hoton mahaifina yana saurayi, da hula zanna bukar a karkace, wanda danshi ya liƙe ƙasansa da gilashi. Na ɗaga kusurwa ɗaya kaɗan, sai na ga launin rigar ya tsaya a jikin gilashin, takardar ta taso fara fat. A nan na tsaya. Abin da ake yi shi ne a goge gilashin ta waje, a ɗauke shi yadda yake, ko da sikanar CCD ko da kyamara. In da kyamara ne, ka sa ta a kan mazauninta mai ƙafa uku, ka kawo haske ta gefe biyu a karkace don kada ya dawo cikin gilashi. Haka ake yi wa tsofaffin littattafan ajami da takardun da suka yi rauni: a shimfiɗa su a ɗauka daga sama, kada a danne su da murfin sikana.

Dole sai da Photoshop ake gyaran hoto?

Ba dole ba. Photoshop ya fito tun 1990 kuma har yau shi ne gagarabadau, amma tun 2013 kamfanin Adobe ya koma karɓar kuɗin wata-wata, kuma biya da kuɗin waje ba ƙaramin abu ba ne ga mai sha'awa. Kwafin sata da ake zuba wa mutane a kwamfuta kuwa hanya ce da ɓarayin bayanai suke shigowa, ban da haƙƙin da yake ciki.

Gyara iri biyu ne. Akwai gyaran haske da launi na hotuna da yawa, musamman RAW. Nan ka fara da ta kamfanin kyamararka, kyauta ce: Digital Photo Professional ta Canon, NX Studio ta Nikon, Imaging Edge ta Sony. In ka ƙware ka gwada darktable ko RawTherapee, su ma kyauta. Sai gyaran hoto ɗaya dalla-dalla, kamar cike yagewa ko share tabo. Nan GIMP take, wadda ɗalibai biyu suka faro a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, kuma a 2025 aka fitar da zubinta na 3. Photopea a cikin burauza take aiki kuma ta yi kama da Photoshop. A waya kuwa Snapseed ta Google kyauta ce kuma ta ishi mutum. Ka zaɓi guda ka zauna a kanta wata uku kafin ka leƙa wata. Game da kwamfuta, RAM 8GB zai yi, 16GB ya fi daɗi, kuma sa mata rumbun ajiya mai sauri na SSD ya fi komai saurin nuna bambanci.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke sabunta tsohon hoto fa?

Ka yi hattara da su a kan fuskar mutane. Ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙirar abin da suke zaton ya dace suke yi. Sukan sauya siffar ido, su share zanen fuska da suka ɗauka tabo ne, alhali a wurinmu wannan zane shi yake faɗin asalin mutum. In za ka yi amfani da su, ka yi a kan kwafi, ka ajiye na asali ba tare da an taɓa shi ba, kuma ka nuna wa wanda ya san mamacin kafin ka rarraba wa dangi.

A ina zan ajiye hotunan don kada su salwanta?

A wuri uku: kwamfutarka, rumbun ajiya na waje, da wani wuri da ba gidanka ba, ko intanet ko gidan ɗan uwa. Google tana ba da 15GB kyauta wanda Gmail ma a ciki yake ci, kuma tun Yunin 2021 hotuna suna shiga wannan lissafi, don haka zaɓaɓɓu za ka ɗora. Memorin kyamara ba ma'ajiya ba ne, WhatsApp ma haka, domin yana matse hoto ya rage shi. In za ka tura na asali ta can, ka tura shi a matsayin fayil. Ka riƙa sa wa kowace jaka shekara da wata da sunan taron, misali 2024-04 Hawan Daushe, su kuma tsofaffin da ka ɗauka da sikana ka zauna da dattijan gida su faɗa maka su wane ne a ciki, ka rubuta sunayen a jikin fayil ɗin.